Tarihin jiragen ruwa a ƙasar da ba ta da teku

Idan aka ambaci binciken tarihin jiragen ruwa da mayaƙansu, hankalin mai karatu a nan Yamai yakan tafi Ingila ko Fotugal, domin Nijar ba ta da gaɓar teku. A ganina wannan fanni namu ne, kuma sakacin da muke yi da shi yana jawo mana asarar da ba ta da mayarwa.

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta Nijeriya, sai ya ci karo da wani katako mai tauri a zurfin kimanin mita 5. Da masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8.4, wanda awon da aka yi masa ya nuna ya kai kusan shekara 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka gano a Afirka, kuma a Sahel aka same shi, kusa da kogin Komadugu Gana da ke zuba cikin Komadugu Yobe, wanda ya raba Diffa da Nijeriya.

A kan kogin Isa, wato kogin Kwara, kuwa labarin ya fi yawa. Sonni Ali, wanda ya mulki Songhai daga 1464 zuwa 1492, ya dogara da jiragen Sorko, masuntan da Hausawa ke kira Sarkawa, wajen jigilar dakaru da abinci, kuma da su ya yi wa Jenne ƙawanya lokacin da ruwa ya malale kewayen birnin. A fadar Gao akwai sarautar Hi-koi, wato shugaban rundunar jiragen ruwa. Har magudanar ruwa Sonni Ali ya fara haƙawa daga Ras el-Ma, yamma da Tumbuktu, domin ya kai jiragensa Walata da ke Muritaniya ta yau, kafin ya bar aikin. Mun san waɗannan ne daga littattafan malaman Tumbuktu, musamman Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'di, sai dai su malaman hankalinsu yana kan sarakuna da waliyyai, ba su tsaya bayyana yadda ake sassaƙa jirgi ko yadda ake ratsa duwatsun kogi ba. René Caillié kuwa, matafiyi ɗan Faransa wanda a 1828 ya hau irin jiragen daga Jenne zuwa Kabara, tashar jiragen Tumbuktu, ya bayyana cewa da igiya ake ɗinke allunansu.

Daga nan alƙalami ya koma hannun hafsoshin Turawa. A 1896 wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Hourst ya gangaro daga Kabara da jirage uku, ɗaya na alminiyom mai suna Davoust, ya yi watanni a wani tsibiri kusa da Say, sannan ya ratsa duwatsun Bussa har ya kai teku. Taswirar da ya zana da labarin da ya rubuta suna da amfani ƙwarai, kuma duk mai binciken kogin sai ya karanta su. Amma wajibi ne a tuna abin da ya kawo shi: ya zo auna kogi ne domin ƙasarsa ta mallake shi, kuma ƴan ƙasa da suka nuna masa hanya a gefen labari suka tsaya, alhali ilimin nasu ne ya fitar da shi lafiya.

Wannan ilimi bai ƙare ba tukuna. Duk wanda ya sauka bakin ruwa kusa da gadar Kennedy lokacin da jirage ke sauke kabewa zai ga matuƙi tsugune cikin jirginsa, yana cusa tsumma a tsagar katako da bakin wuƙa, yana shafe wurin da kwalta, sannan ya kwashe ruwan da ya taru da gwangwani. Idan ka gaishe shi ka ce, "Baba, ina ruwa ya fi haɗari?" zai ambata maka duwatsu da gurbi ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya faɗa maka inda dorina ke kwana da watan da yashi ke toshe hanya. Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finan al'adu, wanda ya bi kogin da kwale-kwale a 1946 da 1947, ya ɗauki irin wannan magana da muhimmanci, ya kuma naɗi farautar dorina ta Sorko a yankin Ayorou. Muna da IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar Abdou Moumouni, muna da cibiyar CELHTO da aka kafa domin tattara tarihin baka, dukansu a cikin garin nan, saboda haka wurin ajiya ba shi ne matsala ba.

Abin da nake fata shi ne ɗalibanmu na tarihi su ɗauki na'urar naɗar murya su zauna da masassaƙa da sarakunan ruwa, da Zabarmanci da Hausa, su auna jiragen, su rubuta sunan kowane itace da kowace igiya, sannan su gwada abin da suka ji da taswirar Hourst da rubutun malaman Tumbuktu. Ya kamata a fara da Ayorou da tsibiranta, domin idan aka kammala madatsar ruwa ta Kandadji, tafkin zai shafe wurare da dama a yankin, za a kuma tashi mazaunansu zuwa sababbin matsugunai.