Mai uwa a gindin murhu

Wani tsohon ɗalibina yana da rumfar cajin waya a bakin kasuwar ƙauyenmu da ke yankin Gumel, kuma yana haɗawa da harkar POS. Kwanakin baya ya tare ni da wata magana da ya tsinta a intanet, wai Bill Gates ya bar jami'a bai gama ba amma ya zama attajirin duniya. Ya ce, "Malam, ashe karatun ba dole ba ne?" Sai na ce ya matso mini da benci, domin labarin da aka ba shi an yanke masa kai.

Mahaifin Gates babban lauya ne a birnin Siyatil na Amurka, kuma makarantar da aka sa shi, Lakeside, ta 'ya'yan masu hali ce. A 1968, yana ɗan shekara 13, ƙungiyar iyaye mata ta makarantar ta tara kuɗi aka sama wa yara na'urar da ke haɗa su da kwamfuta, a zamanin da kwamfuta ɗaya take cika ɗaki. Jami'ar da ya bari kuwa Harvard ce, kuma kafin ya kafa kamfaninsa na Microsoft a 1975 ya shafe shekaru yana rubuta manhaja. Ni kuwa ɗalibaina da yawa ba sa taɓa kwamfuta sai ana saura kwanaki jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015.

Sannan akwai sanayya. Mahaifiyar Gates ta zauna a kwamiti ɗaya da shugaban kamfanin kwamfuta na IBM a ƙungiyar agaji ta United Way, kuma a 1980 IBM ya ba Microsoft kwangilar da ta ɗaga shi. Ban ce ita ta karɓo masa aikin ba, amma sunan yaron ba baƙo ba ne a kunnen mai gidan.

Sai dai a ganina, gatan da ya fi duk waɗannan shi ne mutum ya san cewa idan ya faɗi akwai mai ɗaga shi. Iyayen Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin ciniki ta intanet na Amazon, sun zuba kusan dala 245,000 a kamfanin a 1995, bayan ya faɗa musu ƙarara cewa kuɗin na iya salwanta. Ɗalibina kuwa jarinsa ragon mahaifiyarsa ne da buhun riɗi biyu, kuma tun ranar da ya buɗe rumfar, ribarta ba ta taɓa kwana uku a hannunsa ba: yau kuɗin taki, gobe maganin Baba, jibi kayan ɗakin ƙanwarsa. Wanda gida ke jiran cinikinsa kafin a ɗora tukunya ba shi da halin rufe rumfa wata shida domin ya gwada wata dabara, ko da dabarar tasa ta fi ta kowa kyau. Hausawa sun daɗe da cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Ba hassada nake yi ba, ba kuma ina raina ƙoƙarin mutanen nan ba ne. 'Ya'yan masu hali da yawa sun zauna a aji ɗaya da Gates, kuma ba kowannensu ne ya kwana yana fama da na'urar ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake cire uba da makaranta da jari daga labarin, sannan a miƙa wa yaron ƙauye ragowar a ce ya yi koyi, idan ya kasa kuma ya ɗauka laifin ƙwaƙwalwarsa ne.

Na ba shi shawara ya nemi gurbi a cibiyar koyon fasahar kwamfuta da ke Kazaure, ya bar wa ƙanensa rumfar. Ya yi shiru yana juya wata waya a hannu, sannan ya ce, "To Malam, bari mu ga yadda riɗin bana zai yi kuɗi."