Yau mun kai Auta wajen likitan maƙogwaro

Talata, Gombe.

Sai yanzu bayan isha'i na samu na zauna. Tun da sassafe ni da Yaya muka hau keke daga Pantami zuwa asibiti da Autanta, yaron nan shekararsa 7 amma minsharinsa da dare har ɗakin Inna ake ji, wani lokaci numfashin ya ɗauke ɗif sai ya zabura ya tashi yana tari. Mun daɗe muna ganin wani kumburi shuɗi shuɗi can cikin ganɗarsa ta baya, in ya yi kuka ko ya daɗe a sujada sai abin ya cika ya ƙara girma, in ya huta ya ɗan saɓe.

Wata biyu kenan Goggo tana matsa wa Yaya wai beli ne, a kira wanzami ya cire kowa ya huta. Wallahi da na ji bayanin likita yau jikina rawa ya dinga yi. Ya zura wata siririyar kyamara ta hancin yaron, muka gani a talabijin, kumburin ya sauka har kusa da maƙogwaro. Ya ce jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe tun a cikin ciki, da shi aka haife shi, yana girma tare da yaro kuma ba ya tafiya da kansa. Ya bambanta da wanda ke fito wa jarirai ja jawur ya ragu daga baya, wannan ana ba su maganin propranolol tun 2008 da aka gano amfaninsa a Faransa. Na Auta maganin nan ba ya masa aiki. Kuma ya faɗa mana ƙiri ƙiri, aska ta taɓa wajen nan jinin zai iya cika hanyar numfashi kafin a iso asibiti.

Maganar leza, wato haske mai ƙarfi da likita ya ce ana maganin irin wannan da shi, ita ce ta fi tsaya min a rai, don ni na ɗauka yanka ake da ita. Ashe akwai wata iri, Nd:YAG, haskenta na ratsa fatar cikin baki ya shiga ciki, jinin da ke cikin jijiyar ya ɗauki zafin, jijiyar ta tsuke ta toshe, a hankali kumburin ya motse. Ɗigo ɗigo ake yi da tazara don kar wajen ya ƙone ya zama gyambo. Sai an sa masa barci, ana rage iskar oksijin lokacin aikin saboda gudun tashin wuta, a rufe masa ido. Bayan an gama wajen zai kumbura na 'yan kwanaki, shi ya sa ake kwantar da yaro a sa masa ido, wasu ma sai an huda musu wuya an sa bututu na ɗan lokaci. Nan Yaya ta fara hawaye, na riƙe mata hannu. Likita ya ce ba lallai a gama a zama ɗaya ba, kuma kumburin yana iya dawowa, wani lokaci a haɗa da allurar da ake yi cikin jijiyar.

Kafin komai sai an yi hoton MRI an ga zurfinsa, daga nan ne zai rubuta mana inda za a tura mu. Da muka dawo na wuce gidan Goggo kai tsaye, na durƙusa na ce Goggo don Allah ki bar maganar wanzami, na nuna mata hoton a waya. Ta daɗe tana kallo, ta ce Allah ya ba shi lafiya, gobe za ta kira Kawu a fara haɗa kuɗin hoton.