Wai laifin wa ne a mutuwar Romiyo da Juliyet?

Jiya da daddare muka kwashe kusan awa biyu muna musu da wata ƙawata a waya, wai laifin wa ne a mutuwar Romiyo da Juliyet, masoyan nan na wasan kwaikwayon Shekspiya da suka kashe kansu. Ita kam ta kafe a kan Fada Lorens, wai da bai ɗaura musu aure a ɓoye ba, da bai ba Juliyet maganin barcin nan na awa 42 da ya sa aka ɗauka ta mutu ba, da babu wanda zai mutu. Na ce mata to ai shi ma da niyyar sulhu ya yi, ya ɗauka auren zai kashe wutar da ke tsakanin gidan Montegu, wato gidan su Romiyo, da gidan Kafulet, gidan su Juliyet. Tsoro dai ya nuna a ƙarshe, ya ji motsin 'yan sintiri ya gudu ya bar Juliyet ita kaɗai a kabari da gawar mijinta, wannan kam ban wanke shi ba.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Shekspiya ya rubuta wasan nan wajen 1595, aka fara buga shi a 1597, kuma tun daga farko har ƙarshe babu inda aka faɗi abin da ya haɗa gidajen nan biyu na Verona faɗa. Ba gona ba, ba kuɗi ba, ba kisan kai ba, kawai tsohuwar gaba ce aka gada shikenan. Rigimar farko ma bayi ne suka tayar da ita a titi, wani ya ciji babban yatsansa don ya tsokani bayin ɗaya gidan, sai ga takubba, sai ga tsofaffi biyu kowa na neman nasa takobin matansu na riƙe su, abin dariya abin haushi wallahi.

Ku duba daren walima a gidan Kafulet. Taibalt, ɗan'uwan Juliyet, ya gane muryar Romiyo ya ce a kawo masa takobi, wa ya hana shi? Tsoho Kafulet da kansa, har yana cewa a Verona ana yabon yaron da natsuwa, a ƙyale shi. To ka ga mutumin da zai iya faɗin wannan ai gabar ta riga ta huce a ransa, amma bai taɓa buɗe baki a gaban jama'a ya ce ya isa haka ba, ya bar ta a hannun samari masu tafasar jini irin su Taibalt da suka tashi suka tarar da ita kamar addini. Su manyan sun gaji da faɗan amma girman kai ya hana su sauke shi, kuma wannan shirun nasu shi ya sa yarinyar da ba ta ma cika 14 ba ta kasa zuwa ta ce Baba ga wanda nake so.

Ƙawata ta ce to gaggawar yaran fa? Gaskiya ne, Romiyo da safe yana kukan son wata Rozalin da dare ya ga Juliyet ya manta da ita, washegari aure, duka labarin bai wuce kwana huɗu zuwa biyar ba. Amma yaro ai gaggawa aikinsa ne. Gaggawar uba fa? Kafulet ɗin da ya ce wa Paris, mai neman auren Juliyet, ya jira shekara biyu tukuna yarinya ta ƙara girma, shi ne bayan kashe Taibalt ya tsayar da aure ranar Alhamis, da ta ƙi ya zazzage ta tas ya ce zai kore ta ta je ta yi bara ta mutu a titi, uwa ta juya mata baya, uwar goyon da ta shayar da ita ma ta ce ki haƙura ki auri Paris kawai. Da ta yi kamar ta yarda kuma sai ya dawo da bikin Laraba don murna, wannan kwana ɗayan da ya rage shi ya ƙara rikita shirin Fada.

Maganar ƙaddara kuma, e, wasiƙar da Fada Lorens ya aika wa Romiyo kan shirin maganin barcin ba ta isa Mantuwa inda yake gudun hijira ba saboda an kulle ɗan aiken, Fada Jon, a gida kan zargin annoba, amma da ba a kori Romiyo daga gari ba ai ba a bukatar wasiƙa tun farko, kuma ba a kore shi ba sai da ya kashe Taibalt don ramuwa bayan Taibalt ya soke abokinsa Makushiyo, wanda shi ba ɗan ko ɗaya daga gidajen ba ne, ɗan'uwan Yarima mai mulkin Verona ne, shi ya sa yana mutuwa yana tsine wa gidajen biyu gaba ɗaya.

Mutum shida aka rasa, har da uwar Romiyo da baƙin cikin korar ɗanta ya kashe. Yarima da kansa ya amsa cewa ya kau da kai ga rigimar har ya rasa 'yan'uwansa biyu. Sai tsofaffin suka yi musabaha a bakin kabari, Montegu ya ce zai ƙera mutum-mutumin Juliyet da zinare zalla, Kafulet ya ce shi ma zai yi wa Romiyo irinsa mai tsada haka. Na ce wa ƙawata ji fa, gawa ba ta ma huce ba sun koma gasa, ta yi shiru can ta ce ita dai har yanzu Fada take gani da laifi.