Yadda muka auna ƙasar Vatikan da igiya a bayan garin Garwa

Ina koyar da ilimin ƙasa a wata makaranta a nan Garwa, a arewacin Kamaru, kuma babu darasin da ke ba ni wuya kamar na faɗin ƙasashe. Kana rubuta wa yara cewa Cadi murabba'in kilomita 1,284,000 ce, Kamaru kusan 475,000, Vatikan kuwa, mazaunin Paparoma a cikin birnin Rum, 0.44, za su haddace tsaf. Tambaye su ko Vatikan ta fi Garwa girma, sai ajin ya rabu biyu.

Yawancin ɗalibaina 'ya'yan manoman auduga ne, sun san kwatar hekta tun suna ƙanana, mita 50 a tsaye, mita 50 a kwance. Da wannan na kama su. Vatikan hekta 44 ce, wato gonakin kwata 176. Na samo igiya mai tsawon mita 50, muka fita bayan gari da sassafe bayan an kwashe amfanin gona. In aka mayar da ƙasar mai kusurwa huɗu, kowane gefe zai kai mita 660 da ɗoriya, igiya goma sha uku da 'yar saura. Muka ja, muka kafa turke, muka tsayar da yaro ɗaya a kowace kusurwa riƙe da tsumma a kan sanda. Wanda ke wannan iyakar yana hango na waccan. Na ce musu ga fa ƙasa guda, mai tuta da jakadu, tun yarjejeniyarta da Italiya a 1929, kuma mazaunanta ba su kai dubu ba.

Wata yarinya ta dubi filin ta ce, “Malam, to me suke ci?”

Tambayar nan ce ta cinye sauran darasin, kuma ta fi igiyar amfani. Vatikan ba ta noma, da gudummawar mabiya ɗarikar Katolika da kuɗin masu ziyara take tafiya. Ƙasar Monako da ke Turai mai murabba'in kilomita 2 kacal ta tara mutum kusan 39,000, ta dogara da bankuna da attajirai masu gudun haraji, har teku take cikewa don ta ƙara fili.

A kan Nauru muka daɗe. Tsibiri ne a tekun Fasifik, murabba'in kilomita 21, sai ka jera irinsa fiye da 80 a cikin gandun namun dajin Binuwai na nan Kamaru. Arzikinta ma'adinin fosfat ne da ake yin takin zamani da shi, abin da yaran nan ke gani a buhu duk damina. Bayan samun 'yanci a 1968 kuɗi ya kwararo, har mutanenta suka shiga sahun masu arzikin duniya a shekarun 1970. Ma'adinin ya ja baya, dukiyar da aka ajiye ta salwanta a hannun masu kula da ita, yawancin tsibirin ya zama ramuka da duwatsun da ba sa nomuwa. Yau mutum kimanin 12,000 ne a can, kuma abincinsu daga waje ake kawowa. Ban yi dogon bayani ba, ɗan manomi ya san ma'anar gonar da ta mutu.

Tuvalu, maƙwabciyar Nauru, mai murabba'in kilomita 26, tana karɓar kuɗi daga hayar adireshin intanet mai ƙarewa da .tv, amma tudunta mafi tsawo bai kai mita 5 a saman teku ba, ruwan kuma hawa yake yi. Duk da haka ƙuri'arta ɗaya a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, daidai da ta Kamaru. Yaran sun yi gardama sosai a kan wannan, ni kuma na bar su.

Malamin da zai gwada, ya fita kafin rana ta ɗaga, ya nemi izinin mai gona, kuma kada ya auna fiye da ƙasa ɗaya. Sauran a gwada su da wuraren da yara suka sani. Na kuma lura cewa tsibiran Fasifik sun yi musu nisa, don haka zango mai zuwa da Sao Tome za mu fara, wadda ke cikin tekun da ya taɓa gaɓar Kamaru.