Makirfo a gaban ƙwarya

Ni dai sana'ata hayar kayan sauti ce a nan Funtuwa, sifika huɗu, mikisa ɗaya ta daidaita sauti, janareto, sai yara biyu da muke fama tare. Biki, suna, walima, wa'azi, duk inda aka kira mu muna zuwa. Amma aikin da ya fi kwanta min a rai, kuma shi ne mafi ƙarancin kuɗi, na matan amada ne da makafi masu waƙa.

Garin Barmani Choge mai amada ne fa nan, Allah ya jiƙanta, amma tun da ta rasu a 2013 kiɗan ƙwarya sai baya yake yi, yanzu uwar biki DJ take ɗaukowa ya sa filashi shikenan, su kuma matan nan in ma an gayyace su sai a ajiye su can gefe kan tabarma babu ko makirfo ɗaya, a yi rawa da kiɗansu a koma gida a ce ai maroƙa ne. Wannan ya sa na ce in dai ni na kawo kaya, to su ma sai an ji su.

Ɗaukar sautin ƙwarya kuwa ba wasa ba ne. Babbar da ake kifawa kan ruwa a baho ita ke ba da amon nan mai zurfi, ka matso da makirfo ruwa ya fantsamo masa, guda biyu na kashe a haka kafin na koyi ɗaure masa leda in ɗora safa a sama, in ɗaga shi kamar taƙi guda. Ƙananan kuma ƙara gare su, in ban rage su ba sai su danne muryar zabiya da 'yan amshi. Janareto dole bayan katanga da doguwar waya, in ba haka ba gurnaninsa za ka kwasa.

Makafin nan na fara jinsu ne ranar kasuwa, ɗaya na bayarwa uku na amshi, babu ganga babu komai amma wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Ranar da na fara kai su wani ɗakin taro maigadi ya tare su a get wai ba a bara a nan, sai da na fito na ce malam waɗannan su ne baƙin da ake jira. Babbansu dariya kawai ya yi ya ce "ɗana ƙyale shi, mun saba."

Kuɗi ne dai matsalar. Lokacin canjin kuɗi farkon 2023 liƙi ya mutu murus, ba tsabar kuɗi a hannun kowa, sai da muka buɗe wa zabiyar asusu muka rubuta lambar a kwali muna kafawa gabanta, bayan nan aka cire tallafin mai, janareto ya koma cinye ribar. 'Yan downloading kuma su tura waƙar a memori su karɓi nasu, mai waƙar ko sisi. Abin da nake ɗorawa a TikTok dai sai na sanar da su tukuna, in wani ya kira yana son su a biki lambarsu nake bayarwa su yi cinikinsu da bakinsu, ni kuɗin kaya kawai nake karɓa.

Asabar ɗin nan muna da suna a Bakori, ga sifika ɗaya ta fara shaƙewa, tana wajen mai gyara tun shekaranjiya.