Yadda Na Fara Jin Italiyanci Ban Biya Malami Ba

Harkar fata ce ta haɗa ni da Italiyanci. Fatun awaki da tumaki da ake jemewa a Kano, da yawansu Italiya suke tafiya a yi takalma da jakunkuna, ni kuma na gaji da jiran tafinta duk sa'ad da masu saye suka bugo waya. Kuɗin makaranta babu, sai na kama da abin da ke hannu: waya da ɗan data.

Da Duolingo na fara, manhajar koyon harsuna ta waya. Tana taimakawa wajen tara kalmomi, amma da Turanci take koyarwa, kuma sai ka yi ta cin maki alhali bakinka bai buɗe ba. Abin da ya buɗe nawa darussan saurare ne na Language Transfer, su ma kyauta. Malami ya ba ka jimla, ka tsayar da sautin, ka gina ta da bakinka kafin ka ji amsa. Na sauke su, ina ji a cikin adaidaita sahu.

A nan na gane cewa Bahaushe ya fi Baturen Ingila sa'a a wannan harshe. Wasulan da ake rubutawa biyar ne, a, e, i, o, u, kamar namu, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa. Harafin c ɗin cena, wato abincin dare, shi ne namu na cikin "ciki". Baƙi mai ninki da ke wahalar da Turawa, mu da muke cewa hannu da kunne tun muna goye ba ya ba mu tsoro, ga shi kuwa yana sauya ma'ana: a Italiyanci nono na nufin na tara, nonno kuma kaka. Har jinsi ma akwai dangantaka. Kalmar da ta ƙare da a galibi mace ce, casa (gida) da porta (ƙofa), kamar yadda riga da gona suke a Hausa. Masu bijirewa ba a rasa su. Il problema, wato matsala, namiji ne, yadda gida da ruwa suke a wurinmu.

Wahalar tana wajen p da v, don harshenmu yakan ja su zuwa f da b. Sai kuma aikatau. Mu wakilin suna muke sauyawa, na ci, ka ci, mun ci, su kuwa wutsiyar aikatau ce ke juyawa har kashi 6 a kowane lokaci. Wannan babu dabara sai hadda, irin ta allo.

Don kunne ya saba da saurinsu, ina kallon Easy Italian a YouTube, inda ake tare mutane a titi ana hira, da rubutu a ƙasa. Sharhin wasannin Serie A ma ina saurara, ko da yake mai sharhin ba ya jiran kowa.

Mai niyyar zama a Italiya ya sani: takardar zama ta dogon lokaci tana buƙatar iya harshen zuwa matakin A2, wato na 'yan farko, zama ɗan ƙasa kuma B1, matakin da ke gaba da shi, tun 2018. Jarrabawar shaidar iya harshen, CILS ta jami'ar Siena da CELI ta jami'ar Perugia, kam sai an biya.