Ranar da jini ya ɓalle mana a ƙugun wani dattijo

Shekarata ta biyu kenan a sashen tiyata na wani asibiti nan Jidda aka kawo mana wani dattijo cikin Hausawanmu, haifaffen Makka ne amma Hausa a bakinsa tas. Ya fi shekara yana ganin jini a bayan gida ana ce masa basir ne, jiƙe-jiƙe kam ba wanda bai sha ba, ashe kansar dubura ce. Jininsa ya riga ya yi ƙasa, sai da aka ɗaura masa ayon, wato sinadarin ƙara jini, ta jijiya, aka yi masa gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura, muka kuma tsayar da maganin tsinka jinin da yake sha kafin a sa ranar aiki.

Duk mai wannan aiki ya san tsarin da Bill Heald na Ingila ya fito da shi a 1982, wato ka cire duburar da kitsen da ya lulluɓe ta dunƙule guda, kana bin wani siririn tsakani da kusan ba jini cikinsa. To a littafi sauƙi gare shi. Amma naman da ya sha gashi ya manne, ni kuma ina sauri, na zarce baya kaɗan, wallahi ɗan kaɗan, na taɓa jijiyoyin da ke kwance gaban ƙashin gindi. Kafin in ƙifta ido ƙugu ya cika da baƙin jini.

Hannuna ya tafi kan makama zan damƙe, babban likitanmu, Bahaushen Wad Madani ta Sudan, ya riƙe ni. "Ɗana, kar ka kama, kar ka ɗinka, yagewa za ta ƙara yi. Danna kawai." Waɗannan jijiyoyin fatarsu sirara ce, wasu ma suna komawa cikin ƙashi in sun tsinke, ba abin da za ka ɗaure. Na cusa tsumman tiyata na danne, muka tsaya cak kusan kwata ɗaya ba mai magana, mai sa barci ya ba da maganin tsayar da jini, tranexamic acid, giram 1, ya ƙara ɗumama Baba don jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da kyau. Sannan oga ya yanko ɗan tsoka daga bangon ciki ya ɗora kan wajen ya ƙona da na'ura har ta like. Shiru. Jini leda biyu kawai aka ƙara masa.

Tun ranar ba na soma yanka sai na ji da kunnena an tanadi jini, in kuma na iso bayan dubura sai in sa a gyara fitila in rage gudu ko da nas na kallon agogo.

Kwana shida Baba ya tashi yana zagaya ɗaki da jakar tara bayan gida da muka maƙala masa a ciki, tambayarsa ɗaya, "Likita, da wannan jakar ta ciki zan iya umara da azumi?" Na ce Baba bari ciwon ya warke tukuna, sai mu yi maganar.